Ɗakin Duhun Masta Issahaku

Duk wanda ya saba bi ta bayan tashar doya a Salaga da safe ya san tsarin Masta Issahaku. In ya fito daga masallaci ba ya komawa gida. Zai tsaya wurin mai koko a zuba masa a kofinsa na silba, ya yi gardama cewa ƙosan jiya ya fi na yau girma, sannan ya wuce rumfarsa. Shara ce aikin farko. Yana share gabansa, ya share gaban mai faci da ke maƙwabtaka da shi, yana yi yana mita cewa Allah ya haɗa shi da malalaci. In ya gama sai ya ɗage tamfol ɗin da ya rufe ƙofar ɗakin baya, ya leƙa, ya yi sallama, alhali ba kowa a ciki. An taɓa tambayarsa wa yake gaisarwa. Ya ce bango ne, don a cikin abokan aikinsa shi kaɗai ne bai taɓa yi masa ƙarya ba.

Aikinsa gyaran wayar babur: fitila, batir, sigina da duk abin da wuta ke bi ta cikinsa. A Yendi aka haife shi, a Bawku ya koyi sana'a, ya zo Salaga yana saurayi da akwatin kayan aiki a ka, bai ƙara tashi ba sai bana. Yanzu ido ya gaji, hannu ya fara rawa in ya kama siririyar waya, babban ɗansa ya zo ya ce ya isa haka, ya koma Yendi ya huta. Ni sunana Zuleha, doya nake sayarwa a bakin tashar. Ranar jana'izar mijina na ji mutane suna ta yabonsa, shi kuwa bai ji ko ɗaya ba. Shi ya sa na ce na Masta a faɗa tun kunnensa yana ji.

Ɗakin bayan nan da yake yi wa sallama dogo ne, na kwano, babu taga. In an saki tamfol, ko rana na tsaka, ba ka ganin tafin hannunka. Bangon ƙarshe an shafa masa farar ƙasa, an ja layi a jikinsa da ƙusa, bai kai ƙugun mutum ba. A nan Masta ke saita fitila. Za a shigar da babur, a kunna, in hasken ya haura layin nan, to bai yarda babur ya fita ba sai ya karkatar da shi ƙasa.

Amma abin da ya sa sunansa ya zaga gari shi ne sharaɗinsa. Ba ya saita fitila a kan babur da ba kaya. Yakan ce wa mai babur, "Je ka zo da abin da kake ɗauka." In doya ce, a ɗaure doya. In jarkokin ruwa ne, a cika su. In matarka ce, ka je ka roƙo ta. Dalilinsa shi ne, da zarar nauyi ya sauka a baya, hancin babur yana ɗagawa, hasken da kake zaton yana kan hanya sai ya koma cikin idon mai zuwa.

Har yau ana ba da labarin ranar da Alhaji Idirisu mai hatsi ya kawo sabon baburinsa. Masta ya tambaye shi me yake ɗauka.

"Ba na ɗaukar komai, ni Alhaji ne," in ji shi.

"Ranar Juma'a wa nake gani a bayanka?"

"Hajiya ce."

"To Hajiya ba komai ba ce? Je ka faɗa mata haka, ni ina nan ina jira."

Alhaji ya tafi ya dawo da Hajiya Atikatu, ta sha ado kamar za ta biki, don ya ce mata unguwa za su. Da ta ga ɗakin kwano ta ja ta tsaya.

"Issahaku, nan ne unguwar?"

"Nan ne, Hajiya. Ki hau yadda kika saba."

Ta hau. Hasken ya tashi daga layi ya kusa taɓa rufi. Masu jira a waje suka leƙo suna ƙunshe dariya. Alhaji ya ce, "Ka gani ko, Masta, ni na daɗe ina cewa a rage man ja a miya."

Hajiya ta ce, "Babur ɗin ne ƙarami, kamar mai shi. Ka sayi mota ka ga ko za ta ɗaga."

Masta kuwa yana durƙushe da sifana yana juya noti har haske ya sauko ya kwanta a ƙasan layi. Da suka zo tafiya Hajiya ta ce masa duk ranar da ta rame za ta dawo a sake saiti. Ya ce yana roƙon Allah kada ranar ta zo.

Da fitilun LED suka cika kasuwa, masu farin haske kamar walƙiya, Masta bai ƙi su ba. Yakan ce ni'ima ce, ba sa shan batir, ba sa saurin mutuwa, kuma hanyoyinmu na Kafaba da Makango ba su da fitilun gwamnati. Abin da ya ƙi shi ne yadda samari suka mai da babur kamar ɗakin amarya: doguwar fitila a kan hannun babur, wata a gefe, shuɗiya a ƙarƙashin tanki, wata tana ƙyaftawa. Mutane suka yi ta tambayarsa, wannan ya halatta ko bai halatta ba? Shi kuma ba ya son faɗin abin da bai sani ba. Sai ya zuba fitilu iri-iri a buhu, ya saɓa, ya tafi ofishin 'yan sanda. Wanda ke bakin ƙofa ya ɗauka kayan sata ya tsinto. Ya ce a'a, tambaya ya kawo, a haɗa shi da mai kula da hanya.

Ni ban san lambar dokar ba, kuma ba zan yi ƙarya in ce na sani ba. Abin da Masta ya dawo da shi, ya riƙe har ya bar aiki, shi ne gaba fari, baya ja, gefe ruwan ɗorawa. Mai ƙyaftawa shuɗi da ja ta hukuma ce, ba ta ɗan kasuwa ba. Wadda ke kashe idon mai zuwa laifi ce ko da guda ɗaya ce. Ƙari kuma yana da iyaka, ba a jera su kamar tumatir a faranti. Yakan ƙara da cewa, "Ni ba doka ba ne. In ta canza, buhuna yana nan, sai in sake komawa." Saboda haka duk ƙarin fitilar da ya yarda ya sa, yakan yi mata makunninta daban, ya ɗaure ta yadda za a kwance ba tare da an yanke waya ba.

Akwai wani Sadick mai ɗaukar fasinja a babur, ya zo da shuɗiya da ja mai ƙyaftawa, yana ta ɗoki.

Masta ya juya ta a hannu ya ce, "Yaushe ka shiga aikin polisi ba ka gaya mana ba?"

"Masta, don a riƙa ba ni hanya ne."

"In aka ba ka hanya yau, gobe aka ba abokinka, jibi motar asibiti ta taho da uwarka a ciki, wa zai kauce? Kowa zai ce Sadick ne."

Sadick ya yi fushi, ya kai wani wuri aka sa masa. Shekarar da aka tsaurara, 'yan sanda suka tsaya a shingaye suna cire fitilun da suka wuce ƙa'ida, sai ga shi yana turo babur da ƙafa, wayoyi suna reto kamar gashin masara. Masta ya dube shi ya ce, "Sannu da zuwa, Sufeto." Sunan ya bi shi har yau. Amma ya gyara masa, kuma daga nan Sufeto ne ya riƙa kora sababbin 'yan haya zuwa ɗakin duhu.

Nawa labarin ba na dariya ba ne daga farko. Mijina Abdulai abokin Masta ne tun suna samari. Wata damina yana dawowa daga gona a hanyar Kafaba, magariba ta kawo kai, ana yayyafi. Jar fitilarsa ta baya ta mutu, ya ce gobe zai kai wa Issahaku. Motar kaya ta taho daga baya, direban bai gan shi ba. A bakin wani kwalbati aka ɗauko shi.

Masta ya zo gaisuwa ya zauna a ƙofar gida, ya tashi ya tafi. Daga wannan mako ya ƙaro wa kansa aikin da ba wanda ya sa shi. In la'asar ta yi sanyi sai ya fito da benci bakin titi, duk babur da ya zo wucewa ya ɗaga masa hannu ya ce, "Taka birki in gani." In ja ta kama, ya ce Allah ya kiyaye. In ba ta kama ba, ba inda za ka. Malamai, 'yan kasuwa, har wani ɗan sanda, duk sun sha tsayawa a gaban bencin nan. Mata masu zuwa kasuwar ƙauye suka sa masa suna Taka-Birki, yana amsawa.

Ni kuwa na rantse ba ni ba babur, kuma ba ɗana da zai ƙara hawa. In za ni wuri, ko ƙafa ko mota. Haka muka zauna har 'yata Samiratu ta gama karatun nas. Aka tura ta ƙauyukan da ke tsakanin Bimbilla da Yendi, aikin riga-kafin yara da duba masu ciki. Aikin ba ya yiwuwa sai da babur, don wasu ƙauyukan mota ba ta shiga. Na ce ba za ta ba. Ta yi kuka, ta turo ƙannen babanta, ta turo liman, na ce a bar ni. Aka ce mata in wata ya ƙare ba ta je ba, za a ba wata gurbin. Gidanmu ya koma kamar gidan kurame, muna ci a kwano ɗaya ba mai duban wani.

Da na ga yarinyar tana ramewa, na shiga kasuwa na sayi fitila mafi girma da na gani, doguwa kamar damtsen hannu. Mai shagon ya ce in aka kunna ta a Salaga za a gani a Makango. Na naɗe ta a zane, na sa Samiratu ta turo baburin da aka ba ta, muka tafi wurin Masta. Na ajiye masa na ce, "Ga sharaɗina. Ka sa mata wannan a gaba, ka nemo irinta ka sa a baya. In za ta hau, to duniya duka ta gan ta."

Tun ina amarya yake kirana Amariya, bai daina ba har na yi furfura. Ya kwance zanen, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Amariya, wannan ta mai haƙar zinariya ce. Ba zan sa ba. In na sa, a shingen farko za a cire, a kuma riƙe ta."

Na ce, "Su riƙe ta da rai ya fi a kawo min ita a tabarma. Kai ka san abin da duhu ya yi min."

Ya ajiye fitilar. Sannan ya ce, "Na sani. Zo ki zauna, in nuna miki abu ɗaya. In kin gani kin ce a sa, sai ki kai wa wani, ba zan yi fushi ba."

Ya shigar da ni ɗakin duhu, ya ajiye min kujera a jikin farin bangon, ya saki tamfol. Na ji yana haɗa waya da batir. Sai ya kunna. Wallahi kamar an watsa min ruwan zafi a ido. Na kare fuska da mayafi.

"Buɗe ido, Amariya. Ke ce direban motar kaya yanzu. Ina Samiratu?"

"Tana waje."

"Mma, ga ni nan," in ji ta. Muryarta a kusa, a gefen fitilar take tsaye, da na miƙa hannu sosai da na taɓa ta. Ban ga ko inuwarta ba.

Masta ya kashe, ya ce, "Yanzu fa?"

Na ce ba na ganin komai sai wani kore-kore yana yawo.

"To a wannan kore-koren direba yake tafiya bayan ya wuce ta, in ya wuce ta lafiya. Wanda ke biye da ita kuma, in ya ga fari a gabansa, zai ɗauka wani ne ke tahowa, ba zai san bayan mutum ba ne. Ke so kike a gan ta. Ni ma haka nake so. Ki bar ni in yi yadda za a gan ta."

Ban amsa ba, shi kuma ya ɗauki shirun a matsayin izini. Ya wuni a kan baburin nan. Ya canza ƙwan fitilar gaba da mai kyau. Ya sa ja mai ƙarfi a baya, wadda ke ƙara haske in an taka birki. Ya manna jan abu mai ƙyalli a akwatin maganinta da bayan hular kwano. Ya ƙara 'yar ƙaramar fara guda ɗaya can ƙasa kusa da taya, mai kallon ramuka, da makunninta daban, ya koya mata yadda za ta kashe in ta shigo gari ko ta hango mai zuwa. Da aka zo saiti ya sa ta ɗaura akwatin maganin, ya daidaita. Sai ya ce, "In kin zo hutu, wa za ki riƙa ɗauka?"

Samiratu ta dube ni ta ce, "Mma."

Na ce, "Allah ya sawwaƙe."

Masta ya ce, "Babur ɗin a tsaye yake, Amariya, ga shi na riƙe. Hajiya Atikatu ma ta hau a nan ba ta faɗi ba, ke da ba ki kai rabinta ba."

Dariya ta kufce min, ta farko a wannan watan. Na tattare zane na hau. Na riƙe ƙugun 'yata, na ji ƙashinta, na ji yadda ta rame saboda ni. Haske ya ɗan haura layi, Masta ya durƙusa ya sauko da shi. Kafin ya miƙe na riga na ce mata ta je ta haɗa kayanta.

Ba zan ce komai ya tafi sumul ba. A tafiyarta ta farko wani ɗan sanda a shinge ya nuna 'yar ƙaramar ta ƙasa ya ce ƙari ƙari ne, a cire. Ba ta yi gardama ba, ta fito da sifanar da Masta ya ba ta, ta kwance, ta sa a jaka. Ya zagaya babur, bai ga wani abu ba, ya ce ta wuce, har ya tambaye ta maganin tarin ɗansa. Da ta ba Masta labari ya ce, "Kin yi daidai. Wadda ta rage ta ishe ki. Waccan taimako ce, ba a faɗa da hukuma a kan taimako." Washegari ya saɓa buhunsa ya koma ofishin 'yan sanda ya sake tambaya.

Doguwar fitilar da na saya ba ta yi asara ba. Ya ɗaura min ita a saman rumfar doyata tana kallon ƙasa. Yanzu ko hadari ya rufe gari, ba mai sayen ruɓaɓɓiyar doya a wurina ya ce bai gani ba.

Masta Issahaku, kai ne wanda ya ƙi abin da na roƙa ya ba ni abin da nake nema. Kai ne mai durƙuso a gaban babur ɗin talaka kamar na sarki. Ba a san adadin waɗanda suka isa gida saboda kai ba, don wanda ya isa gida lafiya ba ya sanin abin da ya tsallake, tuwonsa kawai yake ci. Abokinka ya tafi, ba ka zauna kana cewa da na sani ba, ka fito da benci. Ɗan Yendi, almajirin Bawku, amma namu ne na Salaga, ko ɗanka ya so ko bai so ba.

Bayan sallah da ya koma, muka je gaishe shi a Yendi, ni da Samiratu, a kan babur. Tafiya ce mai nisa, bayana ya yi ciwo, na yi ta salati a kowane rami, amma ido a buɗe na je. Muka same shi a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, jikoki sun kewaye shi, yana gyara musu tocila da lalube. Da aka ce masa a babur na zo, ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce a yanka zabo, Amariya ta zama direba. Ya tambayi mai koko, ya tambayi mai faci ko yana shara. Na ce ba ya yi. Ya ce ai ya sani.

Na gode, Masta. Allah ya ƙara maka lafiya, ya haskaka idonka, ya sa ka daɗe kana jin wannan godiya daga bakin wasu. Ku kuma masu gyara, na Salaga da Yendi da Bawku da duk inda wannan ya kai, kada ku sa wa mutum abu don kawai ya miƙo. Ku je ku tambayi abin da doka ta ce, ba kunya ba ce. Ku masu hawa, kafin ku kunna wa wani fitila a ido, ku tsaya a gabanta ku gani. In jar bayanku ta mutu, kada ku ce gobe.

Samiratu tana can tana aikinta. An ce akwai ƙauyen da mata ke fitowa da jarirai tun suna jin ƙarar baburinta daga nesa, har an sa wa wata jaririya sunanta. Shekaranjiya da safe ta koma bayan hutu. Na raka ta ƙofa, na ce Allah ya kiyaye hanya, ta ce amin, ta tayar. Na koma ciki na zuba kokona, na sha da zafinsa.